A Fara da Jabha: Yadda Ya Kamata a Koyar da Ilimin Taurari a Ƙasar Rano

Laccar da aka gabatar a Rano gaban malaman sakandare na Rano da Kibiya, da limamai da masu sarauta

    

Magana ɗaya na zo da ita, ita ce wadda nake ta nanatawa a tarurrukan manhaja har wasu abokan aikina sun gaji da ji. Cewa ake yi ilimin taurari ba zai koyu a makarantunmu ba sai an sayo madubin hangen nesa daga waje, sai an gina ɗakin nuna samaniya, sai kuma yaro ya goge da Turanci. Ni kuwa na ce an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya raba yaranmu da samaniya abu biyu ne: ba a fitar da su waje da dare, kuma an koya musu raina lissafin da kakanninsu suka riƙe.

Mu fara da inda muke tsaye. Rano da Kibiya suna kan digiri 11 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. Ka fita bayan isha'i ka fuskanci arewa, ka miƙa hannu ka dunƙule shi a kan gindin sama, za ka tarar da tauraron arewa can saman dunƙulen da ɗan kaɗan. Tsayinsa kusan shi ne matsayin garinku a doron ƙasa. Ka juya kudu, a cikin sanyi ga tauraron Suhailu yana walƙiya, a Afrilu da Mayu ga taurari huɗun nan masu siffar gicciye, kusa da su ga Alfa Sentori, maƙwabciyar rana mafi kusa da ido ke iya gani. Mutumin Landan bai taɓa ganin ko ɗaya cikin waɗannan na kudu daga ƙofar gidansa ba. Idan aka buga lissafi, a tsawon shekara kashi 99 cikin 100 na samaniya yana fitowa a kan Rano, Landan kuwa kashi 81 kawai take samu. Amma taswirar sama da ake nuna wa yaranmu tasu ce, lokutan shekarar da suke haddacewa ma nasu ne, har da ƙanƙara da zubar ganye, alhali yaro ya taso ne cikin bazara da damina da kaka da hunturu.

Yanzu ga hujjar da na fi dogara da ita, ku yi haƙuri zan daɗe a kanta. Har gobe akwai malamai da tsofaffin manoma a ƙasar Hausa da ke lissafin shekara da taurari 28, wato manazil. Kun san su: Surayya, Dabaran, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, har zuwa ƙarshe. Kowane tauraro kwana 13 yake yi. A ninka 28 sau 13, an sami 364. Jabha ita kaɗai aka ba kwana 14, shekara ta cika 365. Wanda ya tsara wannan ba shaci-faɗi ya yi ba, sama ya duba. Wata yana kewaye duniya a kan taurari cikin kwana 27 da sulusi, kusan kowane dare yana sauka a masauki guda. Rana kuma, a ganin idonmu, shekara take yi kafin ta ratsa waɗannan masaukai, tana gotawa kimanin digiri ɗaya kullum. Wannan gocewa ita ce kewayen da duniyarmu ke yi wa rana, darasin da muke zana wa yara a allo su haddace ba tare da sun taɓa gani ba.

Ga yadda za su gani. A sa yaro ya zauna wuri guda a tsakar gida, ya zaɓi tauraro mai haske, ya duba agogon waya lokacin da tauraron ya ɓuya bayan zankon soro. Gobe ya koma daidai wurin. Zai tarar tauraron ya riga jiya ɓuya da minti 4 ba 'yan daƙiƙu. Bayan kwana 13 tazarar ta kusa awa guda, bayan wata guda ta kai awa biyu. Yaron nan ya auna tafiyar duniya da kansa, ko sisi ba a kashe ba.

Jabha kuwa tamu ce ta musamman. Mafi haske cikin taurarinta shi ne wanda Larabawa ke kira Ƙalbul Asad, Turawa Regulus, haskensa yakan yi shekara kusan 79 a hanya kafin ya iso mana. Matsayinsa a sama digiri 12 ne arewa, kusan daidai da namu a ƙasa. Saboda haka ta tsakar kan mutumin Rano yake bi. A ƙarshen Afrilu, bayan isha'i, sai ka kwanta rigingine kafin ka kalle shi da kyau. Rana ma sau biyu a shekara take tsayawa a tsakar kanmu: wajen 20 ga Afrilu da wajen 23 ga Agusta. A waɗannan ranaku, dab da sha biyu da rabi, ka kafa tabarya a miƙe a fili, inuwarta za ta yi ta tsukewa har ta shige ƙarƙashinta ta ɓace. A na Agusta rana tana zaune ne gefen Ƙalbul Asad, shi ya sa ba a ganinsa a lokacin. A na Afrilu kuwa rana ta bi ta kanka da tsakar rana, Jabha ta biyo sawunta da dare. Idan a ranar aka buga waya Agadas, wadda ke arewa da mu da kimanin kilomita 600, wasu ɗalibai suka auna inuwar tasu tabaryar a tsakar ranarsu, za su samu ta karkace da digiri 5 da kusan rabi. Daga nan ɗan aji huɗu zai fitar da kewayen duniya, kilomita 40,000, kamar yadda Eratostenis ya yi a Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce.

Ban ce lissafin magabata ba ya buƙatar gyara ba, a nan ma kimiyyar take. Sandar da duniya ke juyawa a kanta tana layi a hankali, zagaye guda cikin shekara kusan 26,000. Sakamakon haka taurari suna jinkirta wa lokutan shekara da kwana guda a kowace shekara kusan 71. Daga jihadin 1804 zuwa yau kwana uku ke nan. A shekara dubu, tauraro guda cur ya goce. Jadawalin da aka kwafo daga kakan kaka dole a gwada shi da sama, a gwada shi da ruwan da ke sauka a gonakin Saji da Tarai da Rurum. Wannan bincike ne na gaske, kuma babu wanda zai zo daga wata ƙasa ya yi mana shi.

Masu suka iri biyu ne, ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Na farko suna cewa wannan duba ne da bokanci. Abin da hadisi ya hana shi ne a jingina saukar ruwa ga tauraro, mu kuwa ba mu ce Surayya ke kawo ruwa ba, agogo ce kawai. Alƙur'ani da kansa, a Suratu Yunus, ya ambaci masaukan wata a matsayin hanyar sanin adadin shekaru da lissafi. Na biyu 'yan'uwana ne 'yan boko, masu cewa camfi ne na tsofaffi. Su sai in tuna musu cewa tun 1967 Mervyn Hiskett ya buga nazari a Landan kan wannan lissafi a cikin waƙoƙin Hausa, kuma Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, sunansa na cikin littattafan tarihin lissafi na duniya. In sai Bature ya yaba za ku yarda, to ya riga ya yaba.

Daga wannan tushe kowane babi na ilimin taurari na zamani yana da ƙofa. Surayya ita ce Kaza da 'Ya'yanta, wadda ke ɓacewa a yamma gab da damina, ta sake ɓullowa da asuba a watan Yuni. Ido yana ƙirga shida ko bakwai, amma sun haura dubu, an haife su tare daga gajimaren iska da ƙura guda kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, nisansu tafiyar haske ce ta shekara 440 da ɗoriya. Daga nan sai malami ya shiga yadda ake haihuwar tauraro, da yadda yake ƙona iskar haidurojin a cikinsa, da cewa ranarmu ma tauraruwa ce da ta fi sauran kusa. Zara matar wata da Gamzaki na asuba abu guda ne, Zuhra, duniya ce mai kewaya rana tana aron haskenta, tana sauya zama tsakanin yamma da asuba cikin kwana 584. In ana son yaro ya ji girman tazara, a ajiye ƙwallon ƙafa a tsakiyar fili a ce ita ce rana. Duniyarmu ƙwayar gero ce a mita 24. Tauraro mafi kusa kuwa, a wannan awo, yana can kilomita dubu shida da ɗoriya, ya wuce Makka nesa ba kusa ba.

Sauran duniyoyin ma sun taɓa aiko mana da saƙo har gida. Ranar 3 ga Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami ta ƙasar Katsina. Bincike ya nuna daga Mirrihu ya zo, wadda 'yan boko ke kira Mas, kuma gutsattsarinsa na ɗakunan bincike a ƙasashe da dama. Wani irinsa da aka tsinta a yankin Agadas an sayar da shi a Niyok a 2025 kan fiye da dala miliyan 5. Ɗalibai nawa ne a nan suka taɓa jin sunan Zagami a aji? Tun 1995, da Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniya mai kewaya wata tauraruwa irin rana, an tabbatar da irinsu fiye da 5,000. A 2019 aka ba Nijeriya damar raɗa wa guda suna, aka kira tauraruwar Amadioha, duniyar tata Equiano. Madalla da 'yan'uwanmu na kudu, sun yi shekaru suna wannan karatu a Nsukka. Mu me muka tanada in dama ta sake zagayowa?

Farin zanen da ke ratsa sama a daren da ruwa ya wanke ƙura, shi ne birnin taurarinmu muke hange daga ciki. Taurarinsa sun haura biliyan 100, faɗinsa tafiyar haske ce ta shekara 100,000, kuma tsakiyarsa takan hau sama sosai a kudancin Rano cikin damina, alhali a Ingila da ƙyar take ɗagowa. A watan Nuwamba, daga kan duwatsun Rurum, ido zai kama wani ɗan dusu-dusun haske a arewa. Abdurrahman al-Sufi ya rubuta shi a shekarar 964, sai a shekarun 1920 Edwin Hubble ya tabbatar wani birnin taurari ne daban, Andiromeda, mai nisan shekarar haske miliyan biyu da rabi. Ƙarancin wutar lantarki da muke kuka da shi ya bar mana duhun da manyan birane suka rasa.

Shawarwarina ba sababbi ba ne. Na ɗaya, kowace sakandare a Rano da Kibiya ta ware dare ɗaya a wata, lokacin da babu farin wata, malamin kimiyya ya fita da yara da yardar iyaye, musamman Oktoba da Nuwamba kafin hazo ya rufe. Na biyu, kowace makaranta ta buɗe rajista: ranar da aka yi wa Kaza ganin ƙarshe da yamma, ranar da ta fito da asuba, ranar ruwan shuka, a ajiye kusa da hasashen hukumar yanayi ta ƙasa, shekara bayan shekara. Na uku, a tura ɗalibai wurin tsofaffin manoma da makiyaya da malaman zaure su rubuto sunayen taurari da yadda ake aiki da su, iyayenmu dagatai su buɗe musu ƙofa. Na huɗu, a koyar da wannan da Hausa. Marigayi Alhaji Bashir Tofa ya rubuta Kimiyyar Sararin Samaniya, ya nuna harshen zai ɗauka, a sa littafin a ɗakunan karatu. Na biyar, malamai limamai, ranar 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe, da 16 ga Yuli da 10:27, rana tana tsaye a kan Ka'aba, duk wanda ya fuskance ta ya fuskanci alƙibla. Ku gayyaci ɗalibai su duba masallatai tare da ku.

Batun na'ura shi ne na ƙarshe. In an sami kuɗi a fara da tabarau mai hangen nesa na hannu, ya isa a ga ramukan wata da watannin Mushtari huɗu da Galileyo ya gani a 1610. Babban madubi ya jira sai an sami yaran da suka san inda za su saita shi. Shugabannin makarantu da ke nan, ina roƙon kowannenku ya sa 20 ga Afrilu cikin jadawalin zango, tabarya kuwa babu gidan da ba ta.