Litiyam: Maganin da Ke Tafiya da Ruwan Jiki



A yau zan yi magana ne kan litiyam, maganin da ake ba masu ciwon da ke jefa mutum tsakanin zumuɗi marar iyaka da baƙin ciki mai nauyi. A shekarar 1949 wani likita a Ostireliya, John Cade, ya nuna yana kwantar da wannan zumuɗi, kuma har yau yana cikin magungunan da aka fi dogara da su. Sai dai tazarar da ke tsakanin amfaninsa da cutarsa siririya ce.

Iyaye mata sun san miya. Gishirin da ya yi daidai da hantsi, idan aka bar tukunya a wuta ruwa ya ƙone, da azahar ba ya lasuwa, alhali ba wanda ya ƙara ko ɗan tsunkule. Litiyam ma dangin gishiri ne, ƙoda ke fitar da shi. Idan ruwan jiki ya ragu, sai ya taru a jini, ko da ƙwayar da ake sha ba ta canza ba.

Shi ya sa ba a auna shi da ido. Ana ɗibar jini awa 12 bayan shan ƙwayar ƙarshe. Galibi likita na neman 0.6 zuwa 1.0 a ma'aunin jini, daga 1.5 an shiga haɗari. Ƙoda da ƙullin maƙogwaro, wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo, su ma a duba su duk wata 6.

Me ke ƙone mana ruwan? Zafin bazara, zazzaɓi, amai da gudawa. Sai kuma kemis: mutum ya dawo daga gona jiki na ciwo, ya ce "ba ni diclofenac ko ibuprofen", bai san suna hana ƙoda fitar da litiyam ba. Wasu magungunan hawan jini ma haka suke. Mai niyyar azumi ya ga likitansa tun a Sha'aban, mai neman haihuwa kuma tun kafin ciki ya shiga.

Idan kuka ga hannun mai shan litiyam na karkarwa har shayi na zuba daga kofi, yana tangaɗi, harshensa ya yi nauyi, barci na fizgarsa, kada ku jira gari ya waye. A dakatar da ƙwayar, a kai shi asibiti tare da kwalin maganin.

Wanda kuma ya ji sauƙi, kada ya ce ya warke ya ajiye, domin yankewa farat ɗaya na dawo da ciwon. Wanda ya manta bai sha ba, kada ya haɗa biyu ya rama.

Roƙona ga 'yan'uwa: a kowane gida da ake shan wannan magani, a samu mutum ɗaya da ya san sunansa, adadinsa, da ranar gwajin jini. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.