Awon Ƙarfin Riƙo a Mahaɗar Lantarki



Wataƙila wani zai ce me ya haɗa malamin Hausa da zancen lantarki. Amsar ita ce, duk ilmin da ba a iya bayyana shi da harshen jama'a, jama'a ba za su amfana da shi ba.

Kowa ya san soket da filogi mai ƙafa uku. A cikin soket akwai 'yan ƙarafa masu tsauri da ke matse ƙafar filogi. A ido fuskar ƙarfe sumul take, amma a haƙiƙa cike take da tudu da kwari, watau ƙarafa biyu ba sa haɗuwa sai a kan 'yan tsirarun tuddai, kuma ta nan kaɗai wuta ke ratsawa. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Ragnar Holm, ya nuna cewa idan matsi ya ƙaru, wuraren haɗuwa sukan faɗaɗa, turjiya ta ragu. Idan riƙo ya yi sako-sako, turjiya ta hau, wurin ya ɗau zafi, roba ta narke, daga nan sai gobara. In kuwa ya yi yawa, shafen da ke bisa ƙarfen zai goge, tsatsa ta samu ƙofa.

To, yaya ake aunawa? A shekarar 1938, a Amurka, Edward Simmons da Arthur Ruge, kowa da nasa binciken, suka ƙago wani ma'auni na siririyar waya. In an ja wayar sai ta ƙara tsawo da siranta, turjiyarta ta ƙaru. Akan manna ta a jikin wani harshen ƙarfe mai kaurin ƙafar filogi, a fara gwada shi da duwatsun awo da aka san nauyinsu, sa'an nan a zura shi cikin soket. Gwargwadon matsin da ya sha, gwargwadon canjin da allo zai nuna. Da niyuton ake lissafin, kuma niyuton 1 ya yi kusa da nauyin giram 102.

Saboda haka, ku ma'aikata masu sayo wa gwamnati kaya, kada ƙyalli ya ruɗe ku, ku nemi takardar awo. Ku kuma ɗalibai, soket ɗin da filogi ke lilo a cikinsa, ko ya yi baƙi, ku sa a canja shi. Rigakafi ya fi magani.