Yaron da A Ke Cewa Ba Ya Ganewa, Ina Za Shi In Ya Girma?

Wannan ita ce laccar da akawun reshe ya yi wa jama'ar Gyadi-Gyadi da Tarauni, 'yan kasuwa da sauran talakawa, mun buga ta yadda ya faɗa.



Yau ba maganar kati ko kuɗin wata na zo da ita ba, kowa ya saki jikinsa. Magana ce ta waɗansu mutane da ba su zuwa taro irin wannan, in ma sun zo a bakin rumfa su ke tsayawa yara na tsokanarsu. Babu unguwar da ba su. Saurayi ne ya kai shekara ashirin, gemu ya fara tsiro, amma lissafin canji ya gagare shi, in an aike shi abu biyu sai ya komo da ɗaya. Mukan ce dolo, mukan ce gaula. A rediyo kukan ji ana cewa masu galahanga, ko masu bukata ta musamman. Ni dai masu jinkirin fahimta zan kira su, domin abin da ke damunsu ke nan, watau suna ganewa, sai dai a hankali.

Kada mu haɗa su da mahaukata. Taɓin hankali ciwo ne da kan sami mutum, a kai shi asibiti irin na Dawanau, a ba shi magani, sau da yawa ya sami sauƙi. Wannan kuwa tun ƙuruciya ya ke, ba allurar da za ta cire shi, koyarwa ce maganinsa. Likitoci sun san dalilansa da dama. Akwai doguwar naƙuda, jariri ya faɗo bai yi kuka da wuri ba. Akwai shawara mai tsanani a makon haihuwa. Akwai sanƙarau, manya a cikinmu ba su manta da annobar 1996 ba. Akwai zazzaɓin cizon sauro da kan hau kan yaro har ya suma. A Zamfara a 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara wajen 400, waɗansu da suka rayu kuwa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Sa'an nan akwai irin wanda a ke haihuwar yaro da shi, wanda wani likita a Ingila, Langdon Down, ya bayyana kamanninsa a 1866, har a 1959 aka gano a Faransa cewa zaren halitta guda ne ya ƙaru a jikin yaron, ya zama 47 maimakon 46. Don haka ba laifin uwa ba ne, ba kishiya ba ce, yaron kuma ba ɗan ruwa ba ne. Kuma tun da asibitin Malam Aminu Kano ga shi nan a titin Zariya, ko da ƙafa ma ma je, duk jaririn da idonsa ya yi rawaya a kai shi ran nan, kada a tsaya jiƙo.

To, amma yau ba kan jarirai na tsaya ba, a kan waɗanda suka riga suka girma ne. Ina da hujjar yin maganar, gama ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya yana cikinsu. Shawara ce ta kama shi kwana kaɗan da haihuwa. Ya yi shekara huɗu a aji biyu na firamare, har wata rana aka aiko wa tsohonmu cewa a zo a ɗauke shi, yana tare wa wani benci. Daga nan ya zauna a zaure, shekara bakwai cur, ba karatu ba sana'a. Ni da na yi makaranta har na zama akawu, na iya rubuta wa kowa takardar koke, amma ban iya yi wa ɗan'uwana komai ba. Wanda ya fitar da mu kunya wani dattijo ne mai sayar da hatsi a kasuwar Tarauni, wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko. Shi ya ce a ba shi yaron.

Ku ji yadda ya yi, don nan ne amfanin maganar ya ke. Wata uku na fari abu ɗaya tak ya sa shi, shara da jera buhuna, kullum a lokaci guda, kullum ta hanya guda. Bai taɓa ce masa "je ka gyara rumfa" ba, sai ya ce "ɗauko tsintsiya", in ya ɗauko sa'an nan ya faɗi na gaba. Bayan hannu ya faɗa, ya koya masa awo, kwano ɗaya, ya cika, ya daidaita, ya juye. In ya yi daidai ya yaba masa a gaban mutane, in ya ɓata ya sake nuna masa da hannu, ba tsawa. Kuɗi ne suka fi ba da wuya. Da launi ya fara gane su, har ya ƙware, sai ga shi a ƙarshen 2022 an sake launin takardun 200 da 500 da 1000, yaro ya rikice, muka koma gidan jiya. Dattijon nan bai yi fushi ba, ya ce to a bar launi a kama fuska: mai rawani, Sardauna, shi ne 200, Azikiwe 500, mai mutum biyu 1000, Awolowo 100. Yau shekararsa ashirin da uku, yana auna gero da masara, yana karɓar kuɗin kwano ɗaya ko biyu, abin da ya wuce haka ya kira maigida. Ran da ya fara kawo wa tsohuwarmu goro da kuɗin guminsa, sai da ta shiga ɗaki ta share hawaye.

Wani zai ce, ina gwamnati? Tambaya ce mai kyau. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya kan haƙƙin nakasassu a 2006, Nijeriya ta amince da ita a 2010. A watan Janairu na 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna musu bambanci, wadda ta ce ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, a 2020 kuma aka kafa hukumarsu ta ƙasa. Duk wannan haƙƙinsu ne, ba alfarma ba, kuma ya kamata mu riƙa tuna wa masu mulki. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Aikin ofis da takardar shaida a ke samunsa, gurgu mai digiri ya iya shiga ta wannan ƙofa, makaho mai digiri ya iya, wanda bai wuce aji biyu ba fa? Makarantar Tudun Maliki an fi saninta da koyar da kurame da makafi, Jami'ar Bayero kuma tana horar da malaman ilmi na musamman, madalla da su. Sai dai kowace makaranta tana da ranar sallama, yaro kuwa yana da sauran shekaru masu yawa a gaba bayan ranar nan.

In aka rasa inda za a kai su, kun san abin da kan faru. Waɗansu bara, waɗansu a kulle su a ɗaki. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka tarar da mutum fiye da 300, da yawa da mari a ƙafa. Ban ce duka irin yaranmu ba ne, amma ku lura, galibi danginsu ne suka kai su da hannunsu, don sun rasa yadda za su yi.

Mu kuwa muna da abin da ya girmi kowace hukuma, watau ubangida da yaronsa. Haka Kurmi ta yaye 'yan kasuwa tun zamanin Sarki Rumfa, haka Kantin Kwari ke yi har gobe. Wanki da guga, tsintar wake, ƙulla kaya a leda, wankin kofuna wurin mai shayi, kiwon kaji, goge kaya a shagon tela, duk ayyuka ne masu maimaituwa, yaran nan kuwa in sun kama abu ba su saki, ba su kuma gajiya da shi kamar yadda masu wayo kan gaji. Amma da sharaɗi. Wanda ya ɗauki yaro ya biya shi, a hannunsa, komai ƙanƙantarsa. Wanda ya sa shi aiki daga safe har magariba ya sallame shi da ragowar tuwo, don ya san ba zai kai ƙara ba, wannan zalunci ne, ko da mutuminmu ne za mu faɗa masa a fuska. Maƙwabtan rumfa kuma su sa ido a kan masu zuwa su nuna masa waya su ce sun tura kuɗi, da samarin da kan sa shi rawa su yi dariya.

Iyayenmu mata, maganar 'yan mata ta fi tsanani. Yarinya irin wannan kada a ɗora mata talla ita kaɗai, mugaye sun san ba za ta iya ba da labari sosai ba. A koya mata tsabtar jikinta tun kafin ta fara al'ada, a koya mata a fili cewa akwai inda ba mai taɓa ta, da wanda za ta faɗa wa in an taɓa. A koya mata sana'ar cikin gida, ƙuli-ƙuli ko dakan yaji ko saƙa. Aure kuma ba magani ba ne. Akwai waɗanda za su iya zaman aure in dangi na kusa suna tallafawa, kuma suna so, to ba mai hana su. Amma a ɗauki yarinyar da ba ta san me a ke ciki ba a kai ta gidan wani don a huta da ita, wannan sauke kaya ne a kan wanda bai ji ba bai gani ba, ita ce kuma za ta sha wuyar.

Saura abu guda da tsohonmu kan tambaye ni da dare: in na mutu wa zai riƙe shi? Shari'a ba ta rage masa ko kwabo daga gadonsa ba saboda jinkirin fahimta, waliyyi ne kurum ke riƙe masa amana, yana ciyar da shi daga ciki. Amma sau nawa mu ke ganin an raba gida, 'yan'uwa sun sayar, shi an bar shi a zauren maƙwabta? Uba tun yana da rai ya tara 'ya'yansa, a gaban mai unguwa da limami, a ambaci wanda zai riƙe, a rubuta, a ajiye takarda biyu. Mu mun yi namu bara, ni aka ɗora wa.

Ga littafi na buɗe a teburin nan. Mai rumfa ko shago da zai iya ɗaukar yaro ɗaya na gwajin wata uku ya zo in rubuta shi, da irin aikin. Iyaye masu irin waɗannan 'ya'ya, in kuna jin nauyin jama'a, ku same ni a ofishin reshe ran Asabar bayan la'asar, ba wanda zai ji sunan ɗanku sai ubangidan da za a haɗa ku da shi. Dattijon da ya riƙe ƙanena ya yarda zai zauna da duk wanda ya fara, ya nuna masa yadda ya bi.