Tafiyar Kwana Uku Daga Kibiya Zuwa Riruwai

Yau za mu yi magana a kan yawon buɗe ido. A ƙasashen Turai akwai wata irin mota mai gado da murhu a ciki. Mai ita ya kan ɗauki iyalinsa su tafi kallon duwatsu da tsofaffin garuruwa, inda dare ya yi musu nan za su kwana. To, mu ma muna da abin kallo a ƙasarmu. Mutum goma za su iya haɗa kuɗi su yi hayar mota, su ɗauki tabarmi, da gidan sauro, da tukunya, da tulun ruwa. Kwana uku ya isa.

Rana ta fari mu tashi daga Kibiya da sassafe mu nufi Rano, tafiya kaɗan ce. Rano tana cikin Hausa Bakwai, tare da Daura, da Kano, da Katsina, da Zazzau, da Gobir, da Biram. Ana yi mata kirari da Autan Bawo. A labarin mutanen dā, Kano da Rano su ne Sarakunan Baba, watau masu rini. Mu nemi wani dattijo ya nuna mana inda ganuwa ta bi. Kakanninmu da hannu suka gina ta, kwando kwando suka ɗebo ƙasar, don su tsare garin daga mahara. Wanda ya haƙe ganuwa ya yi tubali ya sami ɗaki guda, amma ya rage wa jikokinsa tarihi.

Da azahar mu wuce Rurum mu ga manyan duwatsu, kāna mu sauka Tiga. An fara gina dam ɗin Tiga a 1971, aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Kogin Kano aka tare. Ruwan nan shi ke bin hanyar da aka gina masa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, ana noman shinkafa da alkama da tumatir da rani. Nan za mu kwana.

Rana ta biyu mu kama hanyar Jos, mu bi ta Tudun Wada mu ratsa dajin Falgore. Ku lura, da rana tsaka a ke ratsa daji, kuma sai an tambayi direbobi labarin hanya tukuna. Bayan daji sai ƙasar Doguwa. Daga nan ƙasa ta fara tashi, iska ta yi sanyi, har mu kai Riruwai, garin duwatsu, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Kusa da nan ruwan Zainabi ya ke, yana zubowa daga kan dutse. Ya fi kyaun gani a ƙarshen damina. Mu gai da mai gari mu nemi ɗan jagora. Kada yaro ya hau jiƙaƙƙen dutse, gama santsi gare shi.

Me za mu koya a nan? Ruwan da ke sauka a tuddan kudu shi ke gangarawa Kogin Kano har Tiga. Itatuwa su ke riƙe ƙasa. In aka sare su don gawayi, ruwan sama zai kwashe ƙasar ya zuba cikin dam, dam ya cike da yashi, mai noman rani a Kadawa ya rasa ruwa. Kun ga gatarin Falgore yana iya taɓa tukunyar mutumin Bunkure.

Rana ta uku mu juyo gida. Kowa ya tafi da littafinsa da fensir. Ya karanta allunan bakin hanya da kansa, ya rubuta sunan kowane gari, da abin da aka kashe na mai da abinci. Ranar da aji ya taru, kowa ya tashi ya karanta mana nasa. Gani ya kori ji. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.