Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Makarantar Littafi Mai Tsarki: Alhakin Jama'a a Gaban Zalunci

 'Ya'yanmu da ake yayewa yau, ina taya ku murna. Guzurin da na kawo muku magana ce guda: azzalumi ba ya cin nasara sai jama'a sun ara masa hannuwansu, don haka hana zalunci nauyi ne a wuyan kowa.

Ku tuna da Nabot a 1 Sarakuna sura 21. Sarki Ahab ya yi kwaɗayin gonar inabinsa, shi kuwa ya ƙi sayar da gadon kakanninsa. Yezebel, matar Ahab, ta rubuta wasiƙu da sunan sarki, ta buga hatiminsa, amma ko tsakuwa ba ta ɗauka ba. Dattawan garin da manyansa ne suka yi shelar azumi, suka kawo shaidun zur biyu, aka fitar da maƙwabcinsu bayan gari aka jajjefe shi. Da ɗan gari akan ci gari. Shi ya sa Maimaitawar Shari'a sura 21 ta umarta cewa in an tsinci gawa a fili ba a san wanda ya yi kisan ba, dattawan gari mafi kusa su fito su wanke hannuwansu, su roƙi gafara a madadin jama'a. Haka kuma a Nehemiya sura 5, da talakawa suka koka cewa bashi ya cinye gonakinsu har 'ya'yansu sun shiga bauta, Nehemiya ya kira babban taro, masu hali suka yi rantsuwa za su mayar da abin da suka karɓe.

Wani zai ce Romawa sura 13 ta umarce mu da biyayya ga hukuma. Gaskiya ne, amma Bulus da ya rubuta ta shi ne aka yi wa bulala tare da Sila a Filibi ba tare da shari'a ba. Da gari ya waye aka aiko a sallame su, sai ya ƙi fita a ɓoye, har mahukuntan suka zo da kansu suka ba su haƙuri. Tuna wa mai mulki dokarsa girmama mulki ne. Wani kuma zai ce Almasihu ya koya mana yafewa. Haka ne, kana da ikon yafe abin da aka yi maka, amma wa ya ba ka ikon yafe gonar gwauruwa a madadinta? Ubangiji kansa, da aka mare shi a gaban babban firist, ya tambayi dalili, bai kuwa rama ba.

Kada kuma mu yi kuka sai ranar da aka taɓa namu. A watan Yunin 2018, a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye ɗaruruwan mutane, akasarinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya ƙi miƙa su ga mahara. Mu da muka karanta misalin Basamariye ba mu da hujjar yin ƙasa da haka in wanda ake zalunta Musulmi ne ko ɗan wata ƙabila.

'Ya'yana, za a tura ku ƙauyuka da birane inda dangin miji ke ƙwace gadon marayu, ake hana lebura haƙƙin guminsa, ake tauye mudu a kasuwa. Wata rana mai yin haka shi ne mai ba da baiko mafi tsoka a ikilisiyarku. Kada ku yi shiru, kada kuma ku tafi ku kaɗai. Ku binciki gaskiya tukuna, ku ɗauki dattawa da shugabannin mata, ku je wurin mai unguwa, hakimi ko kotu, babu makami, babu zagi. Ku koya wa jama'arku cewa wannan aikinsu ne. Allah ya ba ku ƙarfin zuciya.