Jawabin Sharhi a Taron Ƙaddamar da Littafin Tarihin John Rolfe da Zuriyarsa

 



An ɗora mini nauyin yin sharhi a kan littafin da ya tara mu yau, wanda ya ƙunshi tarihin wani Bature mutumin Ingila, John Rolfe, ɗaya daga cikin na farkon da suka ƙetare teku suka kafa zango a Birjiniya ta ƙasar Amurka, tare da labarin zuriyarsa. Malamanmu na da ba su taɓa taƙaita ilmin tarihi da na nasaba ga ƙabilarsu kaɗai ba, domin sun san halin ɗan Adam guda ne ko'ina. Kuma a ganina babbar fa'idar wannan littafi ita ce ya nuna, ta hanyar gida ɗaya, yadda rubutacciyar nasaba take riƙe sunan wanda alƙalami ke hannun danginsa, ta bar wanda ba shi da mai rubuta masa.

A shekarar 1609 Rolfe ya baro Ingila da matarsa a cikin jirgin ruwan da ake kira Sea Venture, da nufin isa Jamestown, garin da Kamfanin Birjiniya na Landan ya kafa a 1607, sai guguwa ta taso a watan Yuli ta maka jirgin a duwatsun tsibirin Bamuda, inda Allah ya kuɓutar da mutanen ciki, suka shafe wata goma suna sassaƙa ƙananan jirage biyu daga itatuwan tsibirin da ragowar katakon jirginsu. A can matarsa ta haifi 'ya mace, aka raɗa mata sunan tsibirin, ba ta daɗe ba ta koma, uwar ma ta bi ta ba da jimawa ba. Da suka iso Jamestown a watan Mayu na 1610, sai suka tarar yunwar hunturun da ya wuce ta cinye mutanen garin, saura kimanin 60 kawai, su ma da ƙyar suke tsayuwa.

Abin da ya ceci wannan zango daga rushewa, bayan an nemi zinariya an rasa, shi ne taba. Mutanen ƙasar suna da tasu tabar, amma tana da kaifi, ba ta karɓu a kasuwar Landan ba. Rolfe ne, daga 1612, ya shuka irin da aka samo daga yankin da Sifaniyawa ke mulki a kudu, mai sauƙi a maƙogwaro, har ya zamana a 1617 an aika Ingila da laba wajen 20,000, alhali kuwa Sarki James na ɗaya da kansa ya wallafa risala a 1604 yana zargin shan ta. Sai dai taba tana da ɗabi'a biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin su ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya: tana gajiyar da ƙasa cikin 'yan shekaru, dole a nemi sabuwar gona, kuma tana buƙatar hannuwa da yawa, tun daga dashe har shanya. Gonar kuwa ta 'yan asalin ƙasar ce, mutanen sarki Powhatan, hannuwan kuma sai an kawo su daga wani wuri.

A nan ne labarin auren da ya ɗaukaka sunan Rolfe ya shigo. A 1613 wani kyaftin, Samuel Argall, ya kama 'yar sarki Powhatan, wadda duniya ta sani da Pocahontas, ya riƙe ta garkuwa don a sako Turawan da ke hannun ubanta a kuma mayar da makamansu. Tana tsare aka koya mata addinin Kirista, aka yi mata baftisma da suna Rebecca, aka ɗaura mata aure da Rolfe a watan Afrilu na 1614. Doguwar wasiƙar da ya rubuta wa gwamna Thomas Dale yana neman izni tana nan har yau, cike da tararrabin zuciyarsa da hujjojinsa na addini da maslahar zango. Amma ita amarya, wadda aka raba da danginta da sunanta, ba ta bar ko layi ɗaya da hannunta ba, duk abin da aka ruwaito daga bakinta ta alƙalamin Turawa ya biyo. Malam marubuci ya kyauta da ya riƙa tunatar da mai karatu wannan giɓi.

Auren ya kawo sulhu na kusan shekara takwas tsakanin Turawa da mutanen Powhatan. Sun haifi ɗa, Thomas, a 1615, kamfani ya kai su Ingila a 1616 don jawo hankalin masu zuba dukiya, har aka gabatar da ita a fadar sarki. Suna kan hanyar komowa cuta ta kama ta, ta rasu a garin Gravesend a bakin kogin Tems cikin watan Maris na 1617, tana da shekara ashirin da 'yan kai, aka binne ta a can. Yaron ma ba shi da lafiya, uban ya bar shi a Ingila, daga baya riƙonsa ya koma hannun baffansa Henry. Rolfe ya koma Birjiniya, ba su sake saduwa ba.

Ina roƙon jama'a su dakata a kan abin da ya faru a ƙarshen watan Agusta na 1619. Rolfe, wanda ya riƙe muƙamin magatakardan zango, shi ne ya rubuta wa Edwin Sandys, ma'ajin kamfani a Landan, cewa wani jirgi ya sauka a Point Comfort ta Birjiniya da baƙaƙen fata ashirin da 'yan kai, aka saye su da kayan abinci. Mutanen nan daga Angola aka kwaso su, 'yan fashin teku suka ƙwace su daga jirgin bayi na Fotugal da ya nufi Veracruz. Ga mutumin da ya cika takarda yana bayyana damuwar ransa a kan aure, ga shi ya gama da mutum fiye da ashirin a cikin jimla guda, babu sunan ko ɗaya. A ƙidayar da aka yi a 1625 kuwa, an sami wata baƙar mace mai suna Angela a gidan Kyaftin William Pierce, mahaifin Jane matar Rolfe ta uku: suna guda aka rubuta mata, ba sunan uba, ba na gari.

Sulhun ya warware a ranar 22 ga Maris 1622, lokacin da Opechancanough, wanda ya gaji ikon Powhatan, ya ga gonakin taba sun mamaye gaɓar kogin James, ya kai harin da ya hallaka Turawa 347. A cikin shekarar nan Rolfe ya mutu, bayan ya bar wasiyya yana kwance ba lafiya. Thomas ya girma ya komo Birjiniya wajen 1635, ya nemi izni ya ziyarci dangin uwarsa, amma a rundunar Turawa ya riƙe muƙami. 'Yarsa Jane ta auri Robert Bolling a 1675, ta haifi John Bolling a shekara ta gaba, ta rasu. Daga wannan ɗa tilo zuriya ta yaɗu cikin manyan gidajen Birjiniya, har ta kai ga ɗan majalisa John Randolph, da Edith Bolling matar Shugaba Woodrow Wilson.

Abin al'ajabi yana gaba. A 1924 majalisar Birjiniya ta kafa dokar da ta haramta aure tsakanin farar fata da wanda ba farar fata ba, ta ce duk mai ɗigon jinin wani jinsi ya fita daga sahun Turawa. Amma da yake manyan gidaje suna alfahari da jinin gimbiya Pocahontas, sai aka yi togaciya ga wanda jinin 'yan asalin ƙasa a jikinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma sha shida ba. Wato an haramta irin auren da ya samar da su, an kuma tsare musu tinƙaho da shi, alhali dangin gimbiyar na haƙiƙa ana shafe ƙabilarsu daga takardun haihuwa. Sai a 1967 kotun ƙoli ta Amurka ta soke haramcin.

Wannan shi ya sa nake jan hankalin ɗalibanmu da cewa mai binciken nasaba ba ya cika adali sai ya yi wa kowace takarda tambayoyin da malaman hadisi ke yi wa mai ruwaya: wane ne ya faɗa, a gaban wa, kuma wace maslaha gare shi a ciki; sa'an nan ya ƙara da tambayar wa aka tsallake. Malam marubuci ya yi wannan tahƙiƙi da haƙuri, bai zagi Rolfe ba, bai kuma wanke shi ba. Shawarata gare shi ita ce, a bugu na gaba a ƙara taswirar kogin James da bishiyar nasaba a shafi guda, don sauƙaƙa wa mai karatu bin sunaye.

Ina kira ga masu hali su sayi littafin da daraja, su kai shi makarantu da ɗakunan karatu.