MAI CI DA WANDA AKE CI: ZAMAN NAMUN DAJI DA NA TEKU

Wannan jawabi ne da aka shirya domin malamai su karanta wa ɗalibai a azuzuwan yaƙi da jahilci. Wanda karatunsa ya yi ƙarfi, ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi.



Idan aka tambayi mutum wa ya fi jin daɗi a daji, zaki ko barewa, nan take zai ce zaki. Ai shi ne manyan dawa. Yana da ƙarfi, yana da farce, kuma babu dabbar da ke farautarsa. Amma masanan da suka yi shekaru suna bin zakoki, suna rubuta abin da suka gani, sun ce lamarin ba haka yake ba.

Wani masani ɗan Amurka mai suna George Schaller ya zauna a dajin Serengeti na ƙasar Tanzaniya daga 1966 zuwa 1969. Aikinsa shi ne kallon zakoki dare da rana. Ya gano cewa zakin da ya fita shi kaɗai, in ya kai hari sau shida, da ƙyar yake kamawa sau ɗaya. In sun haɗu suna da yawa, sukan yi nasara kamar sau uku a cikin goma. Sauran duk wahalar banza ce. A gwada da manomin da zai yi shuka sau shida, sau ɗaya kawai ta tsira.

Babban zaki yana bukatar nama kilo 5 zuwa 7 a rana. Amma ba kullum yake samu ba. Shi ya sa ranar da ya samu yakan cika ciki da kusan kilo 30 a zama ɗaya, don bai san ranar da zai ƙara samu ba. Shi ya sa kuma yake kwanciya wajen awa 20 a yini. Mutane na ɗauka lalaci ne, alhali tattalin ƙarfi yake yi. Farautar ma, yawanci zakanya ce ke yin ta. Kuma akwai haɗari a ciki. Jakin dawa na iya harbinta ya karya mata muƙamuƙi, ɓauna na iya sokinta da ƙaho. Zakin da ya karye ba shi da mai jinya, yunwa ce za ta ƙarasa shi. 'Ya'yan zaki kuwa, fiye da rabinsu ba sa kai shekara biyu a duniya.

DABARAR MAI GUDU

Su kuma dabbobin da ake ci, Allah bai bar su haka nan ba. A duba kan barewa ko na akuya. Idanunta a gefe suke, tana ganin dama da hagu har kusa da bayanta, ko da tana kiwo. Idanun zaki da na kyanwa a gaba suke, domin auna nisan abin da za su kama. Gada ta dogara da ɓuya. Barewa ta dogara da gudu da kauce-kauce. Ɓauna ta dogara da taro, manya su kewaye ƙanana su juya wa maƙiyi ƙahoni.

A Serengeti ɗin nan akwai wata dabba mai kama da gwanki, mutanen can suna kiranta nyumbu. Dabararta abin mamaki ce. Kusan dukkan matan suna haihuwa a lokaci guda, wajen watan Fabrairu, a cikin sati biyu zuwa uku. 'Ya'ya dubu ɗaruruwa ke faɗowa. Zaki da kura su ci su ƙoshi, amma ciki ɗaya ne da kowannensu, ba za su iya cinye ko rabi ba. Da a ce haihuwar a warwatse take cikin shekara, da ɗaya bayan ɗaya za a tsince su. Ɗan nyumbu kuma yakan miƙe tsaye 'yan mintoci kaɗan bayan an haife shi. Dama Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

To, a nan akwai ɗan lissafi. Ciyawa mai yawa ce ke riƙe garke ɗaya, garke mai yawa kuma shi ke riƙe zaki ɗaya. A yankin Serengeti nyumbu sun fi miliyan ɗaya, amma zakokin kimanin 3,000 ne. Ko'ina a duniya haka abin yake, mai ci kaɗan ne, wanda ake ci shi ne mai yawa. Saboda haka duk abin da ya taɓa garke, zaki ne zai fara ji a jikinsa.

An ga misalin wannan da cutar bushiya, wadda makiyayan ƙasar Hausa suka sani sarai, domin ta hallaka shanu a wannan yanki a shekarun 1890, ta sake dawowa a farkon shekarun 1980. A Gabashin Afirka cutar takan tashi daga shanu ta shiga namun daji. A farkon shekarun 1960 nyumbun Serengeti ba su wuce 250,000 da 'yan kai ba. Da aka yi wa shanun kewayen dajin allurar rigakafi, cutar ta bar namun dajin ma. Zuwa 1977 nyumbu sun haura miliyan ɗaya. Zakoki da kuraye suka ƙaru a bayansu. Babu wanda ya yi wa zaki allura, shanu aka yi wa, amma har shi ya ci moriya. A 2011 aka ba da sanarwar cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya.

ZAKIN YAMMACIN AFIRKA

A da, zaki yana yawo daga Senegal har Tafkin Chadi. A 2014 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka ɗauki shekaru ana yi. An samu cewa zakokin da suka rage a duk Yammacin Afirka kimanin 400 ne, kuma a wuri huɗu kawai. Akwai dajin Niokolo-Koba a Senegal. Akwai babban dajin da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, inda mafi yawansu suke. Sai Kainji da Yankari a Nijeriya. Na Yankari a lokacin ba su kai goma ba.

Ba harbin zaki kaɗai ya jawo haka ba. Gonaki sun ci daji. Mafarauta sun kwashe gwanki da mariya da gadu, watau abincin zakin. Da ya rasa, sai ya juya kan shanu. Makiyayin da aka kashe wa saniya kuwa, asara ce babba a gare shi, babu mai musun wannan. Sai wasu su zuba guba a mushen. Guba ba ta zaɓe. Takan kashe zakin, ta kashe kura da dila, ta kashe ungulu. A ƙasar Botswana a 2019, gawar giwa uku da aka sa wa guba ta kashe ungulu fiye da 500. Dattawa sun san lokacin da ungulu ke cika mahauta a kowace kasuwa. Yau sai a yi tafiya mai nisa ba a ga ko ɗaya ba.

Wani zai ce, to in zaki da damisa sun ƙare, ai hutu ne ya samu. Ghana ta ba da amsa. A dazuzzukan gwamnati na ƙasar, ma'aikata sun yi shekaru da yawa tun daga ƙarshen shekarun 1960 suna ƙirga dabbobi. Inda zaki da damisa suka ɓace, bika, watau gwaggon biri, ya ninka fiye da sau uku, don babu sauran mai tsorata shi. Sai ya fito gonaki yana cin masara, yana ɗaukar kaji. Har ta kai wasu iyaye suna hana yara zuwa makaranta domin su yi gadin gona. Irin wannan na faruwa kusa da gida ma. Inda aka kashe mujiya da shaho da macizai marasa dafi, ɓera da gafiya ne ke samun sarauta a rumbu.

CIKIN TEKU

Yawancin mutanen karkara a arewa ba su taɓa ganin teku ba. Ruwa ne na gishiri, ya rufe kusan kashi bakwai cikin goma na duniya. A cikinsa babu kurmi balle rami, in ban da kusa da gaɓa da can ƙasa. Don haka dabarar ƙananan halittu a can ita ce yawa.

Kunkurun teku yana rayuwa a ruwa, amma a tudu yake ƙwai. Macen takan fito da dare a gaɓar ƙasashe irin su Ghana da Gabon, ta haƙa rami a yashi, ta zuba ƙwai kimanin ɗari, ta binne, ta koma ruwa. Ba ta sake waiwayarsu. Bayan kamar wata biyu sai 'ya'yan su fito gaba ɗaya, yawanci da dare, su ruga zuwa ruwa. Ƙaguwa na jiransu a yashi, tsuntsaye na jiransu a sama, kifaye na jiransu a ruwa. Masana sun ƙiyasta cewa a cikin dubu, kamar ɗaya ne ke girma. Wannan ɗayan ya isa ya riƙe iri, muddin mutane ba su tone ƙwan ba.

Kowa ya san sardin, kifin gwangwani. A gaɓar gabashin Afirka ta Kudu, tsakanin Mayu da Yuli, sardin kan taso miliyoyi a ayari guda mai tsawon kilomitoci. Sai masu ci su taru. Dolfin, wata dabbar ruwa mai shayar da 'ya'yanta nono, takan haɗa kai da 'yan uwanta su ware wani ɓangare na ayarin, kamar yadda makiyayi ke ware tumaki. Kifin ya dunƙule wuri ɗaya kamar ƙwallo, kowa na neman shiga tsakiya. Tsuntsaye su riƙa faɗowa daga sama kamar mashi, manyan kifaye su riƙa kai hari ta ƙasa. Duk da haka ayarin ba ya ƙarewa. Dabarar nyumbu ce dai a cikin ruwa.

Zakin teku shi ne wani babban kifi mai haƙora da ake kira shak. Shi ma ƙarfinsa bai hana shi shiga uku ba. Wasu irinsa sai sun fi shekara goma kafin su fara haihuwa, kuma 'ya'ya kaɗan suke yi. Ana kama shi domin namansa da fikafikansa, waɗanda ake miya da su a wasu ƙasashen Asiya. Wani bincike na 2021 ya nuna cewa daga 1970 zuwa lokacin, irin waɗannan kifaye na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100. Sardin na iya farfaɗowa cikin 'yan shekaru. Kifin da ke haihuwa kaɗan ba zai iya ba.

Mutanen Kanada sun ɗanɗana wannan da wani kifi mai suna kod, wanda shi ma ƙananan kifaye yake ci. An yi kusan shekara 500 ana kama shi a gaɓar gabashin ƙasar. Da manyan jiragen kamun kifi suka shigo, suka kwashe shi cikin 'yan shekaru. A 1992 gwamnati ta hana kama shi, mutane wajen 30,000 suka rasa sana'a. An zaci hanin na shekara biyu ne. Sai a 2024 aka ɗage shi, kuma kaɗan aka yarda a kama.

TEKU DA DAJI HANYARSU ƊAYA

Mai sauraro zai iya cewa, ina ruwan daji da teku? A koma Ghana. Masana sun ɗauki lissafin dabbobi na dazuzzuka shida daga 1970 zuwa 1998, suka ajiye shi kusa da lissafin kifin da aka kama a tekun ƙasar. Suka ga abu ɗaya yana maimaita kansa. Duk shekarar da kifi ya yi ƙaranci ya yi tsada, mafarauta sukan ƙaru a daji, naman daji ya cika kasuwa, dabbobin su ragu. Dalilin a fili yake, dole magidanci ya nemi abin sa wa a miya. Watau jirgin da ya kwashe kifi a teku yana da hannu a ƙarewar gada da gwanki a dajin da ke nesa da gaɓa, kuma ta nan yunwa ke isa ga zaki da damisa. An buga wannan bincike a 2004.

Wasu makiyaya sun samo hanyar kare dukiyarsu ba tare da guba ba. A Kenya da Tanzaniya an gane cewa ɓarna mai yawa da dare ake yin ta, a garken da shingensa ba shi da ƙarfi. Da aka ƙarfafa shinge da itace da waya, asara ta ragu ƙwarai. A kusa da birnin Nairobi, wani yaro ɗan ƙabilar Masai mai suna Richard Turere ne ke kula da shanun mahaifinsa, zakoki na damunsu. Yana ɗan shekara 11 ya lura cewa zaki ba ya tsoron wutar da ke tsaye wuri ɗaya, amma ba ya matsowa in ya ga mutum na zagayawa da tocila. Sai ya nemo tsohon batirin mota, da ƙwan tocila, da na'urar da ke sa fitilar sigina ƙyaftawa. Ya jera fitilun a jikin shinge suna kallon daji, suna kamawa suna mutuwa, kamar mai gadi na yawo. Zakokin suka daina shiga garken. Maƙwabta suka roƙe shi ya haɗa musu, daga nan dabarar ta bazu zuwa wasu sassan Kenya.